Me Ya Sa Fuskoki Ke Canzawa Duk Ranar da Aka Kai Hari?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Jos, kuma yawancin abokan aikina Kirista ne. Muna zaune lafiya, har abinci tare muke ci, amma duk ranar da aka kai wani hari, ko a Filato ne, ko a wata jiha, ko ma a ƙasar waje, sai in ga fuskoki sun canza, hira ta yanke da zarar na shigo da hijabina. Kwanan baya wata da nake ganin girmanta ta ce mini, 'Me ya sa ba kwa fitowa ku yi Allah wadai da mutanenku?' Na rasa abin da zan ce mata, na koma gida ina kuka. Me ke jawo wannan? Dole ne in riƙa ba da haƙuri a kan abin da ban aikata ba? Kuma akwai ranar da abin zai gushe?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri a kan aikin da kike yi wa marasa lafiya, ya kuma sanyaya miki zuciya. Abin da kike tambaya shi ne dalilin da ya sa laifin mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya yake komawa kan duk mai sallah, da kuma abin da ya hau kanki ke da ba ki san hawa ba balle sauka. Na shafe shekaru ina aikin sasanta tsakanin al'ummomi a wannan gari, ina zama da matasa da 'yan kasuwa da limamai da fastoci, kuma kusan babu zaman da wannan magana ba ta taso ba, daga ɓangaren nan ko daga wancan.

Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne, abin da kike gani ba zato kike yi ba, kuma an ƙidaya shi a wuraren da ake ajiye lissafi. A Amurka, hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta rubuta laifukan ƙiyayya 28 da aka yi wa Musulmi a shekarar 2000, amma a 2001, shekarar harin 11 ga Satumba, adadin ya kai 481. Kwana huɗu bayan harin, wani mutum ya harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa da ke jihar Arizona, alhali mutumin mabiyin addinin Sikh ne, rawaninsa da gemunsa kawai aka gani. Wannan kisa yana nuna yadda abin yake aiki: mai fushin bai karanta littafin kowa ba, bai tambayi aƙidar kowa ba, alama ce ya gani a jiki ya bi ta. Hausawa sun riga sun faɗa cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsoro yana neman fuskar da zai ɗora wa, wanda ya dasa bam kuwa ya mutu ko ya ɓace, sai a juya ga wanda ya yi kama da shi kuma yake kusa. Shi ya sa mata masu hijabi suka fi ɗanɗana wannan, musamman tun daga 2014 da Boko Haram ta fara tura mata da 'yan mata da bama-bamai a jikinsu, har ta kai ƙasar Chadi ta haramta rufe fuska a tsakiyar 2015.

Masu dasa bam ɗin kuma sun san da haka, domin shi ne rabin abin da suke nema. Wanda ya kai hari coci ranar Lahadi yana so a wayi gari an tare hanya ana neman Musulmi, domin yaron da aka kashe wa wa ko aka ƙona wa shago ya zo hannunsa da kansa.

Yadda Jos ta zo nan

Ba za a fahimci abin da ke faruwa a wajen aikinki ba sai an tuna cewa bama-bamai sun tarar da garin nan a rabe. Rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, kwana huɗu kafin harin Amurka, ya ci rayuka kusan dubu cikin mako guda, kuma tushensa jayayya ce a kan wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, da wa zai riƙe muƙami a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa wadda aka ƙirƙira a 1991. Sai na Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, sai na Janairun 2010 da kisan da aka yi a ƙauyen Dogo Nahawa a Maris na shekarar. Bayan kowane ɗaya mutane sun riƙa kwashe kaya, Musulmi suna tattaruwa a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da kewayen titin Bauchi, Kirista suna tattaruwa a Unguwar Rukuba da Kabong da Jenta da Tudun Wada. An sayar da gidaje, wasu ma musaya aka yi. Babbar kasuwar Terminus, wadda ke haɗa kowa da kowa a ƙarƙashin rufi ɗaya, ta ƙone a 2002. Yau akwai saurayi mai shekara ashirin da biyar a garin nan da bai taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, bai taɓa cin naman Sallah ko shinkafar Kirsimeti daga hannun maƙwabci ba, abin da iyayensa suka tashi suna yi ba tare da tunanin komai ba.

A kan wannan rabuwa bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 suka faɗo a Kabong da Unguwar Rukuba, sannan harin hedikwatar cocin COCIN a Fabrairun 2012 da na cocin St. Finbarr a Rayfield a Maris na shekarar. Ƙungiyar da ta kai su, wato Boko Haram, daga Arewa maso Gabas ta fito, da aƙidar da malaman Jos suke yaƙa a kan mumbari, amma ga wanda ya rasa ɗansa a ƙofar coci, Musulmin da ya sani su ne na ƙetaren titi waɗanda dama akwai jiƙaƙƙa tsakaninsu. Sai aka yi mana kuɗin goro, ramuwar gayya ta faɗa kan masu acaɓa da matafiya.

Ki lura kuma da abin da ya faru ranar 20 ga Mayu 2014, lokacin da tagwayen bama-bamai suka kashe mutum fiye da ɗari a Terminus. Kowa ya ɗauka garin zai kama da wuta, amma bai kama ba kamar yadda aka ji tsoro. A ganina dalilai biyu ne. Gawarwakin da aka kwasa na kowa ne, mai tallan tumatir da mai sayar da atamfa da ɗan dako, babu wanda zai ce su aka nufa su kaɗai. Sannan a lokacin an riga an gina hanyoyin magana tsakanin shugabannin matasa na unguwanni, suna da lambobin wayar juna, kuma sun yi amfani da su a daren. Shekara guda bayan haka, ranar 5 ga Yuli 2015 cikin watan azumi, aka kai hari masallacin 'Yan Taya inda Sheikh Sani Yahaya Jingir yake tafsiri, da gidan abinci na Shagalinku a titin Bauchi, mutum fiye da arba'in suka rasu.

Maganar "mutanenku"

Wannan kalma ce ta fi yi miki ciwo, kuma kina da gaskiya. Waɗanda aka kira mutanenki su ne suka kashe masallata fiye da ɗari a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, su ne ake danganta wa kisan Sheikh Muhammad Auwal Albani a Zariya a Fabrairun 2014 bayan ya daɗe yana warware shubuhohinsu a karatunsa, su ne suka kori miliyoyin Musulmi daga gidajensu a Borno da Yobe da Adamawa. Majalisar Ƙoli ta Addinin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam da Mai Alfarma Sarkin Musulmi sun yi tir da su sau da yawa. Saboda haka cewa Musulmi ba sa yin Allah wadai ba gaskiya ba ne.

Amma akwai abin da na koya a wani zama da muka yi da mata daga unguwanni biyu, wanda ya canza yadda nake jin wannan tambaya. Wata dattijuwa Kirista da ta rasa ɗanta a ɗaya daga cikin hare-haren nan ta miƙe ta ce, tun da abin ya faru babu Musulmi ɗaya da ya ce mata sannu. Wata malamar Islamiyya ta amsa da zafi cewa limaminsu ya yi huɗuba guda a kan harin a Juma'ar da ta biyo baya. Dukansu gaskiya suka faɗa. An yi huɗubar a cikin masallaci, a unguwar da dattijuwar ba za ta iya takawa ba, ga mutanen da dama sun yarda da abin da ake faɗa. Allah wadai ɗinmu muna yin sa ne a inda mu kaɗai muke ji. Ita kuwa abin da ke isa wayarta shi ne hoton gawa da bidiyon wani mai wa'azi da ya yi kalamin banza, domin Facebook da WhatsApp sun fi yaɗa abin da ke tayar da hankali. Ba a nan kaɗai ba ne: wani bincike da aka yi a kan jaridun Amurka tsakanin 2006 da 2015 ya gano cewa harin da Musulmi ya kai yana samun rahotanni fiye da ninki huɗu na wanda wani ya kai. Kuma sau da yawa akan yanke hukunci kafin bincike, kamar yadda aka yi ta nuna Musulmi da yatsa a sa'o'in farko bayan harin Oklahoma na 1995 da na Norway na 2011, daga baya ta bayyana cewa Turawa ne 'yan ƙasa suka aikata. Ko bam ɗin da ya tashi kusa da dandalin Eagle a Abuja ranar 1 ga Oktoba 2010, ƙungiyar MEND ta yankin Neja Delta ce ta ɗauki alhakinsa.

To, dole ne ki ba da haƙuri? A harshenmu wannan magana tana da fuska biyu. Wanda ya taka ki yana cewa "yi haƙuri", wanda ya zo miki gaisuwar mutuwa shi ma yana cewa "a yi haƙuri". Na farkon ba ya kanki ko kaɗan. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, ciki har da aya ta 164 a Suratul An'am, cewa babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani, kuma abokiyar aikinki za ta sami irin wannan hukunci a littafinta, a Ezekiyel sura 18 aya 20, inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Idan kika saba neman gafara a kan abin da ba ki yi ba, kin amsa tuhumar ke nan, kuma gobe za a sake nema. Na biyun kuwa, wato haƙurin ta'aziyya, ina ganin yana kanki a matsayin maƙwabciya, kuma bai kamata ki jira a tambaye ki ba. Ranar da aka kai hari coci ko ƙauye, ki riga kowa magana: yaya mutanen gida, akwai wanda abin ya shafa, Allah ya tona asirin waɗanda suka yi. Shirun da kike tararwa idan kin shigo, sau da yawa rashin sanin inda kika tsaya ne, su ma kuma suna fassara naki shirun. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta mana kyautatawa da adalci ga duk wanda bai yaƙe mu ba, kuma gaisuwar jaje tana cikin mafi ƙanƙantar kyautatawa.

Ba zan yi miki adalci ba idan na tsaya a nan, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ake yi mana mu ma muna yin sa a inda muka fi yawa. Bayan kisan da aka yi wa Musulmi a Yelwan Shendam a farkon Mayun 2004, an far wa Kiristoci a Kano waɗanda yawancinsu ba su taɓa taka Filato ba. A Fabrairun 2006 an kashe Kiristoci a Maiduguri saboda zanen ɓatancin da aka buga a Denmark, aka rama a kan 'yan Arewa a Onitsha. Cutar ɗaya ce da wadda ta ci matafiya sama da ashirin a titin Rukuba ranar 14 ga Agusta 2021, suna dawowa daga zikiri a Bauchi za su koma jihar Ondo, ita ce kuma ta ci mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025. Ma'aikaciyar jinya Kirista da ke aiki a tsakiyar Musulmi a wani gari tana iya rubuto mini irin wasiƙarki kalma da kalma. Ina faɗin wannan ne domin a zaman da nake jagoranta, ba a taɓa samun ci gaba ba sai lokacin da kowane ɓangare ya ambaci matattun ɗaya ɓangaren da bakinsa.

Abin da ke rage shi, da iyakarsa

Kalaman shugabanni a kwanakin farko suna da nauyi sosai. Shugaba George W. Bush, duk da yaƙe-yaƙen da ya jagoranta daga baya, ya je masallacin Cibiyar Musulunci ta Washington ranar 17 ga Satumba 2001 ya raba tsakanin addinin da maharan. Bayan kashe masallata 51 a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand a Maris na 2019, Firaminista Jacinda Ardern ta yafa mayafi ta je gaisuwa, ta kuma ƙi ambatar sunan maharin. A nan gida muna da majalisar tuntuɓa ta addinai da aka kafa a 1999 ƙarƙashin shugabancin Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN, da cibiyar sasantawa ta Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a Kaduna, da hukumar gina zaman lafiya da gwamnatin Filato ta kafa a 2016. Suna da amfani, amma na halarci tarukan otel da yawa inda mutanen da dama ba sa faɗa suke haɗuwa su yi hoto, alhali yaron da zai ɗauki adda yana bakin tasha bai san an yi ba.

Abin da ya fi tasiri a gwajina shi ne aikin da ke tilasta wa mutane buƙatar juna kullum: kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, gareji, filin ƙwallo, asibiti irin wanda kike aiki a ciki. Masana halayyar jama'a sun daɗe da wannan ra'ayi tun daga masanin Amurka Gordon Allport a 1954, amma akwai gwajin da aka yi a Kaduna wanda ya kamata ki sani domin kada ki sa rai fiye da kima. Wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun sa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta na mako 16, wasu a gauraye wasu kowa da nasa. A ƙarshe ra'ayin da kowa ke da shi game da ɗaya addinin bai canza ba, amma waɗanda suka yi karatu a gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba nasu ba idan aka zo rabon wani abu, a kan waɗanda aka ware. Ma'ana hali yana gyaruwa kafin zuciya, kuma zama da naka kaɗai yana ƙara son kai. Ni wannan ya ishe ni, domin abin da ke tsare rai a ranar tashin hankali shi ne abin da maƙwabci ya aikata. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018, ya yi shekaru da dama yana zaune da mutanen nan kafin ranar ta zo.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfina da naki, shi ne hukunci. An kafa kwamitocin bincike a kan rikice-rikicen Jos, na Mai Shari'a Niki Tobi a kan 2001 da na Bola Ajibola a kan 2008, amma waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da yawan rayukan da suka salwanta. Duk inda ba a kama mai laifi da sunansa ba, jama'a za su ɗora laifin a kan ƙabilarsa ko addininsa. Saboda haka ba zan ce miki abin zai gushe gaba ɗaya ba. Abin da na gani shi ne yana tashi da ƙarfi a kwanakin farko bayan hari, ya lafa cikin makonni, amma ya bar tabo da hari na gaba ke famawa, kuma zurfin tabon ya danganta ga yawan mutanen da suka san juna da suna.

Ki bambance kuma tsakanin canjin fuska da zalunci. Idan ana binciken jakar kowa a ƙofa, ki miƙa taki ba tare da ɓacin rai ba. Amma idan ke kaɗai ake bincika, ko aka hana ki ƙarin girma, ko aka tilasta miki cire hijabi ba don wata larurar aiki ba, wannan ya saɓa wa sashe na 38 da na 42 na tsarin mulkin 1999, waɗanda suka ba da 'yancin addini suka kuma hana wariya saboda shi. Ki rubuta rana da lokaci da waɗanda suka shaida, ki kai wa shugabannin asibiti da ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya, idan ba a saurara ba akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Yadda za a bi da shi a kotu kuwa aikin lauya ne, ni mai sasantawa ne.

Ita kuma wadda ta yi miki maganar, tunda kin ce kina ganin girmanta, kada ki bar abin ya ruɓe a cikinki, kada kuma ki tare ta a gaban jama'a. Ki bari ƙura ta lafa, ki same ta ita kaɗai bayan an tashi aiki, in da hali ma ki taka har gidanta. Ki fara tambayarta ko ta taɓa rasa wani a waɗannan hare-hare, domin sau da yawa akwai gawa a bayan irin wannan tambaya, ki kuma saurara har ta gama ba tare da kin kare kowa ba. Bayan nan ki gaya mata a fili cewa kalmar "mutanenku" ta sa ki kuka, ki ba ta labarin 'Yan Taya da masallacin Kano, da duk wanda ke kika rasa. Mai yiwuwa ta ba ki haƙuri nan take, mai yiwuwa kuma ta yi shiru ta ɗauki watanni tana juya maganar, na ga iri biyun. Idan ta nace a kan ra'ayinta, ki ci gaba da gaishe ta da karɓar aiki daga hannunta yadda kuka saba, ki nemi wata a cikinsu wadda za ki iya kira a waya ranar da gari ya rikice ki tambaye ta ko hanyar unguwarsu tana biyuwa, ita ma ta kira ki ta tambayi taku.